Manja a Kan Ƙuri'a

Saudatu na tsaye tana yanka albasa ta ji ana cinikin ƙuri'arta a falo. Mijinta Bara'u ya saki muryar waya yadda ya saba. Shi yana Longsight a Manchester, amininsa Likita Salihu yana Aston a Birmingham, amma duk wanda ya ji su zai rantse a kan benci ɗaya suke zaune.

"Biyu gare ni," in ji Bara'u. "Tawa da ta madam."

"Ina ta Latifa?"

"Bar wannan yarinyar. Tunda ta shiga uni ta daina jin magana. Biyu dai."

"To ni ma biyu, tawa da ta Kubura. Deal ke nan, Injiniya."

Shekara goma sha tara Bara'u yana Ingila, kuma babu safiyar da ya gama shan shayi bai zagi manyan jam'iyyun ƙasar biyu ba. Ɗaya, a cewarsa, ta ƙware wajen rufe abubuwa, ɗayar kuma wajen ba da haƙuri bayan ta rufe. Zuciyarsa na wajen wata ƙaramar jam'iyya da ba ta taɓa cin komai a unguwarsu ba. Amma da zarar zaɓe ya matso sai tsoro ya kama shi, ya zaɓi wadda yake ƙi kaɗan don kada wadda yake ƙi da yawa ta hau. Daga nan sai ya yi sati yana fushi da kowa a gidan, kamar su suka riƙe masa hannu.

Bana, da zaɓen kansiloli ya taso, Salihu ya zo masa da dabara. Shi Salihu ɗan gani-kashe-nin babbar jam'iyyar nan ne da Bara'u ke zaɓa yana tsaki. A unguwarsa kujerarta ba ta ko motsi, a unguwar Bara'u kuwa ana kankankan. Sai Bara'u ya ba babbar ƙuri'un gidansa a Manchester, Salihu ya ba ƙaramar ƙuri'un gidansa a Birmingham. Kowa ya samu abin da yake so, matan biyu kuwa ba wanda ya tuna yana da lambar wayarsu.

A gaskiya Saudatu ba ta taɓa damuwa ba. Shekara goma sha biyu ke nan da Bara'u ya yi mata rajistar zaɓe ta gidan waya, wai don ya hutar da ita. Takarda ta zo, shi ya zana alama, ita ta sa hannu, a liƙe a aika. Amma bana akwai sunan Justina a jikin takardar.

Justina 'yar Kafanchan ce, ma'aikaciya a cibiyar yinin tsofaffi da ke bayan kasuwa. Can ake kai Hajiya, mahaifiyar Bara'u, duk Litinin da Alhamis tun da rikicin tsufa ya fara taɓa ta. Hajiya kan manta sunan ɗanta, amma ba ta manta Justina, domin ita ce ke zama ta yi mata hira da Hausa tana yanke mata farce. Da aka liƙa takardar cewa za a rufe cibiyar, 'yan takarar manyan jam'iyyun duka biyu sun zo sun yi hoto a ƙofarta, kowa ya ce laifin ɗayan ne. Haushi ya sa Justina ta tsaya takara ita kaɗai, ba jam'iyya, ba mota, sai takalmin roba da fosta ɗari biyu.

Saudatu ta jira ya cinye tuwo kafin ta yi magana.

"Abban Latifa, bana Justina nake son zaɓa."

Ya yi dariya har da tari. "Wasted vote ke nan. Ke kin san tactical voting kuwa? Ai na riga na gama magana da Likita."

"Likitan zai zaɓar mini Justina a Birmingham ne?"

"A Birmingham wa ya san wata Justina?"

"To ni me aka ba ni a musayar?"

Ya dube ta da tausayi irin na malamin lissafi. "Siyasar ƙasar nan sai da strategy, Saudatu. Ki bar mini." Da safe ya ciro bironsa, ya zana alama a takardun biyu, ya tafi da tasa, ya bar mata tata a kan teburin kicin ta sa hannu ta aika.

* * *

Kwana biyu takardar na kallonta tana kallonta. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ita kanta ya ba ta mamaki. A rana ta uku ta karanta ƙananan rubutun da ke cikin ambulan, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ga an ce idan takarda ta lalace a mayar da ita ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma a karɓi sabuwa.

Matsalar ita ce tata lafiya lau take, kuma Saudatu ba ta iya ƙarya a gaban hukuma ba. Ko likitan asibiti ya tambaye ta sau nawa take motsa jiki, gaskiya take faɗa masa. Don haka ta ɗora tukunya, ta ajiye takardar daf da murhu, ta ɗebo manja a ludayi, ta ɗaga shi sama, ta kawar da kai tana kallon taga. Hannu dai ba ƙarfe ba ne, dole ya gaji. Da ta waiwayo, zanen Bara'u na iyo cikin jan mai.

"Subhanallahi," ta ce a hankali, don dai a cika ƙa'ida. Ta ƙara rabin ludayi.

Ta hau bas a titin Stockport da takardar cikin ledar burodi. Matar da ke ofishin ta ɗago ta da yatsu biyu, ta shinshina, ta tambaya ko miya ce. Saudatu ta fara bayanin yadda ake haɗa miyar agushi. Matar ta duba fasfonta, ta miƙo sabuwar takarda, ta ƙara da cewa ko kuskuren alama mutum ya yi ana canza masa, ba sai ya yi girki a kai ba. Kunya ta kama Saudatu, da takaicin manjan da sai an je shagon 'yan Ghana ake samunsa.

Ta koma gefe ta zauna. Shekararta arba'in da shida, ta haifi 'ya, ta yi digiri biyu, amma rabonta da zana alamar zaɓe da hannunta shekara goma sha biyu ke nan. Ta nemo sunan Justina can ƙasa, ta zana alamar a hankali, ta sake bin ta don ta fito sosai, sannan ta sa hannu, ta liƙe, ta miƙa wa matar.

Da yamma Bara'u ya tambaya ko ta aika. Ta ce ta kai da hannunta. Ya yaba da himmarta.

* * *

Ranar Juma'a sakamako ya fito. Babbar jam'iyyar ta ci da tazara mai yawa, Justina ta samu ƙuri'a tamanin da bakwai. Bara'u ya karanto lambar yana girgiza kai, ya ce Allah ya shirya masu wasa da ƙuri'a. Saudatu ta ce amin. Ƙarshen watan Yuni aka sa wa cibiyar kwado.

Mako biyu bayan haka suka je Aston sunan jikan Salihu, ɗan 'yarsa Hana, har da Hajiya, tunda yanzu babu inda za a bar ta. Ana cikin cin shinkafa Bara'u ya gode wa Kubura matar Salihu bisa ƙuri'ar da ta ba ƙaramar jam'iyyarsa.

"Wace ƙarama?" in ji Kubura. "Ai Abban Hana tamu ta kullum ya zana mana."

Salihu ya shaƙe da zoɓo. Da ya dawo hayyacinsa ya ce wallahi ya yi niyya, amma da ya ga sunan mutanen sai hannunsa ya ƙi. "Ka san polls ɗin sun ɗan canza last minute, Injiniya."

Bara'u bai tsaya cin kek ba. Tun daga Birmingham har suka wuce Stafford bakinsa bai huta ba, yana tuƙi yana dukan sitiyari. Amana ce aka ci, in ji shi. Abota ta shekara talatin. Mutum ya ɗauki ƙuri'ar wani, bai tambaye shi ba, ya yi abin da ya ga dama da ita.

"Ke ba za ki gane ba, Saudatu," ya ce. "Ba ki san zafin abin nan ba."

"Haka ne," in ji ta.

Can sai Hajiya ta farka a kujerar baya, ta gyara mayafinta, ta taɓa kafaɗar Saudatu.

"Yarinya, gobe Litinin ko? Akwai zuwa wajen Justina?"

Saudatu ta dubi mijinta ko zai amsa. Shi kuwa ya ƙura wa hanya ido.

"Sai dai Alhamis, Hajiya," ta ce.

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ɗaga hannuwanta tana duba farcenta da ya yi tsawo.