Man da Ya Ƙi Ƙarewa

Mako uku da fara tuƙa motar Hajiya Raliya aka soma zargina, wai don mai ba ya ƙarewa.

Hajiya dillaliyar atamfa ce a nan Zango, asalinta Kano. Tana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da ake kai wa masu shaguna kaya a unguwannin Zogona da Cissin da Pissy. Ƙanenta Aliyu Sani ne ke tuƙawa, har ya faɗi a babur ya karye. Ni kuwa tun da na bar lekol, wato makarantar boko, a aji biyar ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi gareji, na yi wankin mota, na yi dako. Wannan ne aikin farko da na ji ina so in riƙe.

Duk Litinin Hajiya ke zuba lita ashirin. A hannun Aliyu, ranar Laraba ya ƙare. A hannuna yana kai Juma'a da yamma.

Aliyu yana wuni a bakin shagon Hajiya, ƙafa a miƙe kan benci. Rannan ina loda kaya na ji shi, da murya yadda zan ji.

"Yaya, mota ba ta shan iska. In esansi, man nan da kike zubawa, bai ƙare ba, to motar ba ta je ba. Ajiye ta yake a inuwa a Zogona, ya ba 'yan babur kayanki su kai. Ranar da dila ɗaya ta ɓata za ki tuna maganata."

"Malam Aliyu, ni kake nufi?"

"Da wa ke tuƙin? Aljani?"

Hajiya ta ci gaba da ƙirga kaya. Amma washegari da na zo ɗaukar makulli, na tarar da ita zaune a gaban mota, jaka a cinya.

"Yau tare za mu. In na ga abin da ban gane ba, ka ajiye min makullina."

Kafin mu tashi ta sa aka kawo siririn kara, ta tsoma a tanki da hannunta, ta ja layi da farce a inda mai ya tsaya.

Na tsaya wurin mai faci ya duba iskar tayoyi. Ta ce me ya sami tayar. Na ce lafiyarta lau, amma taya in ta yi laushi mota jan ƙafa take, ta sha mai. Ta dube ni ta gefen ido.

A hanya ban taka totur da ƙarfi ba. In na hango jar wuta daga nesa sai in ɗaga ƙafa, motar ta gangara da kanta. Masu babur na ta yi min oda, wani ya zage ni da Mosanci, yaren mutanen garin. A Cissin mai shago ya tafi salla, na kashe inji muka jira.

Hajiya ta ce, "Aliyu ba ya kashewa. Ya ce tayarwa ta fi cin mai."

"Na minti ɗaya wataƙila, Hajiya. Ba na rabin awa ba."

Daga Cissin na wuce Pissy kai tsaye, ban koma Zango ba, don kayan duka na loda tun safe. A can ta sauka da kanta, ta ja mai shagon gefe. Ina kallonsu ta madubi. Yana nuna ni, yana ɗaga kai. Ban san me ya faɗa ba, kuma da ta dawo ba ta gaya min ba. Gumi ya jiƙa min riga har ƙugu.

Mun dawo shago bayan la'asar. Ta sake tsoma karan, ta daɗe tana duban tsakanin layin da inda ya jiƙe. Aliyu ya miƙo wuya daga benci.

"Mudassir," ta ce a hankali, yadda shi ba zai ji ba. "Ka yi gareji. Iskar taya da lallaɓa ƙafa da kashe inji, su kaɗai za su kai man Laraba zuwa Juma'a?"

Na san amsar. Na kuma san ita da Aliyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ni kuwa ko dangin nesa ba ni ne ba. In na ce e, ta kama ni da ƙarya wata rana. In na ce a'a, na taɓa jininta.

"Za su kai shi Alhamis da rana, Hajiya."

"Sauran fa?"

"Sauran ban ga inda yake zuwa ba. Ba na nan lokacin."

Aliyu ya ɗaga murya: "Yaya, me ya ce? Ya amsa laifinsa?"

"Ka ji da ƙafarka," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Ta karɓi makullan daga hannuna. Ta zare ƙaramin, na murfin tanki, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, sannan ta miƙo min na motar.

"Gobe ƙarfe bakwai. Wannan kuwa yana wurina. Wanda ya san iyakar abin da tuƙi ke ragewa, ya san nawa za a iya zuƙa ba a gane ba."

Na karɓa. Da na wuce ta gaban benci na ce wa Aliyu Allah ya ƙara sauƙi. Ya kawar da kai.