Daɓen Iya Barira

Iya Barira ba ta ga dalilin da zai sa mutum ya taso tun daga Lausu har Rano don kallon tsohon gida ba, alhali ita ma a tsohon gida take kwana. Amma jikarta Khadijatu, malamar firamare, ta nace, wai tun da mulki ya dawo hannun farar hula aka gyara gidan wani attajirin da, aka mai da shi gidan tarihi, har da lambu. Tsohuwa ta yafa mayafi ta bi ta tana mita.

Malam Isiyaku, mai zagayawa da baƙi, ya nuna musu akusa da tasoshin jere. Iya ta taɓe baki, don rabinsu akwai irinsu a ƙarƙashin gadonta. Sai da suka shiga babban soro ta tsaya cak. Daɓe ne ja jawur, irin wanda mata ke taruwa su buga da madaɓi suna waƙa, aikin da ta shekara arba'in tana jagoranta kafin siminti ya kore ta. Sai dai duk gefensa ya farfashe.

"Litinin za a fasa shi a zuba siminti," in ji Malam Isiyaku. "Masu irin wannan aikin duk sun mutu."

"To ga gawa ɗaya tana gaishe ka," in ji Iya. Ta durƙusa ta shafa ƙasan. "Da me kuke gyara shi?"

"Kullum sai mun wanke shi da ruwa da sabulu."

Iya ta yi salati. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ko kare ba ta so a yi wa abin da aka yi wa daɓen nan. Ta fita lambu ta sha iska, sai ga mai shara a gindin ɗorawa yana cinna wa tarin ɓawonta wuta. Ta kwashe abin da ya tsira a gefen zaninta, ta koma ta zube a gaban Malam Isiyaku.

"Ɗan nan, makuba ke nan. Jiƙa ta ake yi a shayar da daɓe. Maganin na ƙofarku kuna ƙonawa. Ku ba ni mako ɗaya. In ya tsage, ni zan ɗebo muku ruwan kwaɓa simintin."

Malam Isiyaku ya yi ta kai da kawowa a sakatariya har aka yarda. Iya ta tattaro tsofaffi bakwai daga Lausu, Khadijatu ta zama ta takwas, har tafin hannunta ya yi kanta. Kwana huɗu ana jin bugun madaɓi har bakin titi.

Ranar dubawa wani babban jami'i ya iso da tawagarsa, motar siminti na biye don ko ta kwana. Ya leƙa soron, ya ga ƙasa na ƙyalli kamar bayan sabuwar tukunya, ya juya ya ce wa direba ya mayar da kayan. Sannan ya ɗaga ƙafa zai shiga.

Iya ta tare ƙofa da hannu.

"Ranka ya daɗe, takalmi."

Mutumin ya dube ta, ya dubi daɓen, ya sunkuya ya kwance igiya.