Filin Gindin Katanga a Lambun Toka

Duván Arboleda bai taɓa riƙe sana'a ta kai shekara ba. Ya yi acaɓa, ya sayar da wayoyi a bakin tasha, ya ɗauki bulo a birnin Medellín har bayansa ya gaji. Amma wannan karon ya ce ya samo, kuma yadda yake faɗa, mai sauraro sai ya kusa yarda.

Tudun da mahaifinsu ya bar musu, shi da yayarsa Marleny, ya daɗe da daina ba da kofi. Duván ya share shi, ya dasa itatuwa, ya fitar da hanyoyin ƙafa, ya yi zirga-zirgar neman izini har ya samu. A garinsu kabari haya ne, bayan shekara huɗu a tone mutum a kwashe ƙasusuwansa. Shi ya sa da yawa suka koma ƙona gawa, sai kuma tokar ta zauna cikin akwati a falo, ba a san inda za a kai ta ba. Shi zai ba su lambu. Iyali su sayi ɗan fili su watsa tokar nasu, ba mai tashinsa har abada.

Marleny ba ta hana shi ba, amma ta gindaya sharaɗi. Wani mai gina gidaje ya taya tudun, kuma yana jiran amsa. Ta ce ranar buɗewa, in mutum guda ya sayi fili da kuɗinsa, za ta sallami mai ginin. In kuwa ba wanda ya saya, za ta sa hannu a takardar sayar da tudun, shi ma ya sa, a wuce wurin.

Duván ya amsa ba tare da ya yi tunani ba, don shi ya riga ya gama lissafinsa. Ya kalli irin waɗannan lambuna na ƙasashen waje a wayarsa, ya ga abin da suke sayarwa shi ne kyawun wuri. Don haka ya sa wa filayen saman tudu, inda ake hango kwari da hasumiyar coci, peso miliyan huɗu. Na tsakiya rabin haka. Na can ƙasa, gindin tsohuwar katangar dutse da ta taɓa zama garken shanu, ya bar su a miliyan ɗaya, don wurin inuwa ne da laima, ba abin kallo. Ban da wannan akwai kuɗin ƙungiya da za a riƙa biya duk shekara.

"Mutum ya zama toka," in ji Marleny, "da wane ido zai kalli kwarin naka?"

"Ai ba mamacin ne zai biya ba, Yaya."

"Allah ya sa mai ran ya fi ka hankali."

Ya zaɓi Litinin ya buɗe, ranar da mutane ke ziyartar mamatansu. Aka zo, aka sha kofi, aka ci wainar masara, aka yaba itatuwa, aka tafi. Da rana ta karkata saura mutum ɗaya, Doña Ofelia Cadavid, tsohuwar mai ɗinki, riƙe da jakar cefane. A cikin jakar akwai akwatin tokar mijinta, Don Gildardo. Ita kaɗai ce ta zo da nata.

Duván ya karɓi jakar ya haura da ita sama, Marleny na biye da su hannu a harɗe. Tsohuwar ta tsaya ta huta, ta kalli kwarin, ta ce lallai akwai kyau. Ya faɗi farashi, ita kuwa ko a jikinta, ta ce 'yarta da ke ƙasar Sifen ta turo isasshe. Duván ya juya ya kashe wa yayarsa ido.

Sai Doña Ofelia ta dunƙule hannu, tana waige-waige. Ciyawa ce ko'ina, da furanni, da 'yan itatuwan da ba su kai kaurin tsintsiya ba.

"Ɗana, ina zan ƙwanƙwasa?"

Kowa a garin, in ya je wurin mamacinsa, sai ya ƙwanƙwasa murfin kabarin kafin ya yi magana, kamar mai sallama a ƙofar gida. Shi kansa haka yake yi wa mahaifinsa. A bidiyoyin da ya kalla ba wanda ya ƙwanƙwasa komai, shi ya sa abin bai faɗo masa ba.

Ya ce za ta iya kiran sunan mijin kawai. Ta ce Gildardo ko yana da rai sai an buga masa tebur yake jiyowa, balle yanzu. Ta gwada ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin itatuwan, ya lanƙwashe, ba ƙara. Ta karɓi jakarta a hankali, ta ce gara ya ci gaba da zama a falo, akwatin dai na katako ne, yana amsawa. Ta kama hanyar sauka.

Marleny ta zaro wayarta daga aljihu. Ba ta kira mai ginin ba tukuna, ta dai riƙe ta inda zai gani.

Duván ya bi tsohuwar da sauri, ya kama gwiwar hannunta, ya ce hanyar hagu ta fi sauƙin sauka. Ba ta fi ba, amma ita ce ke bi ta gindin katanga. Da suka isa ya tsaya gaban wani faffaɗan dutse da ke daidai ƙirji, ya share gansakukar da ke kansa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito sarai.

Doña Ofelia ta ajiye jakar. Ta ƙwanƙwasa da kanta, ta kasa kunne, ta sake. Ta dubi inuwar, ta ce ga shi ba sai ta hau tudu da waɗannan gwiwoyin ba. Ta tambayi kuɗin nan wurin.

Marleny ta matso ta raɗa masa cewa ya ce miliyan huɗu, ai tsohuwar ta riga ta shirya biya. Duván ya girgiza kai. Allon farashi na kafe a bakin ƙofa, kowa ya karanta, kuma ya san ranar Litinin mai zuwa duk tsofaffin garin za su ji abin da ya faru a nan daga bakin wannan matar.

"Miliyan ɗaya, Mama. Filin da dutsen duka, za mu sassaƙa sunansa a kai."

"Kuɗin shekarar fa? In na kasa biya za ku zo da tsintsiya ku share min shi?"

Ya ce a'a. Fili da dutse sau ɗaya ake biya, an gama. Kuɗin ƙungiya na masu rai ne, na yankan ciyawa da ban ruwa da benci da kofin ranar Litinin. Wanda bai biya ba ƙofa a buɗe take gare shi, sai dai ya zo da kofinsa. A take ya tsara wannan, amma ya faɗe shi kamar ya kwana da shi.

Tsohuwar ta yi dariya, ta ce ta saya, kuma ta shiga ƙungiyar, muddin kofin ya fi na yau ƙarfi. Ta ce ranar Asabar za ta zo da jikoki a watsa.

Bayan sun raka ta bakin hanya, Marleny ta koma gefe ta kira mai ginin ta sallame shi. Maganar ba ta yi tsawo ba. Da ta dawo ta tarar da Duván yana bin katangar da alli a hannu yana ƙirga duwatsu masu faɗi, yana cewa daga gobe gindin katanga ya zama mafi tsada, saman tudu kuma sai an hau da duwatsu daga rafi kafin a sake tallata shi.

"Wa zai hau da su?"

"Ni mana."

"Da wannan bayan naka?" Ta ƙwace allin daga hannunsa. "Kai ɗauki dutse. Farashi kuma daga yau ni zan rubuta."