Minti na Tara

Ashiru bai yi sallama ba. Yaye labulen ɗakin ya yi da ƙarfi har ƙusa ɗaya ta fita, ya tsaya a kan ƙanensa Aƙilu, farin alli bai gama barin yatsunsa ba. Daga makarantar da yake koyarwa yake, ko sashensa bai biya ba.

"Ka sauke abin nan daga intanet kafin la'asar. Sannan ka goge shi a gabana."

Aƙilu bai tambayi wane abu ba. Abu ɗaya ya mallaka da za a iya saukewa: faifan da ya saki kwana shida da suka wuce, wanda ya sa wa suna Zaure. Minti goma sha bakwai ne, babu ganga, babu baiti, babu abin takawa. Sauti ne kawai mai tafiya a hankali, irin wanda mutum zai sa a kunne ya lumshe ido. A unguwarsu ta Limancin Kona in ka ce kiɗa kake yi, an gama da kai. In ka ƙara da cewa kiɗan ma ba shi da ganga, sai a fara yi maka addu'ar samun lafiya.

A daminar ƙarshe ta mahaifinsu, Malam Nasidi, Aƙilu ya riƙa ajiye 'yar na'urar naɗar sauti a kan kantar littattafai a zaure. Malam ya sani, dariya ma ya yi, daga baya ya manta da ita. Ta kwashi ƙarar alƙalaminsa a kan takarda, da zubar ruwa daga indararo, da kukan tattabaru, da tarinsa. Bayan rasuwarsa Aƙilu ya yi wata takwas a gaban kwamfuta yana jan waɗannan sautuka, yana shimfiɗa musu wani amo mai laushi a ƙarƙashi. Shi kaɗai ya yi, shi kaɗai ya saki. Mutum ɗari huɗu sun saurara, har wata ma'aikaciyar jinya daga wata ƙasa mai nisa ta rubuto cewa da shi take hutawa in ta tashi aiki.

"Ba zan sauke ba, Yaya," in ji Aƙilu. "Shekara biyar kana kiran aikina ƙarar firji a gaban mutane, na yi shiru. Ka hana a kira ni in an yi baƙi, na yi shiru. Wannan kam na Malam ne da ni. Kai me ka ajiye nasa? Buzu da carbi?"

"Ka iya bakinka."

"Ba zan iya ba. Ko sau ɗaya ka taɓa zama ka ji abin da nake yi? Wani ne ya ce maka kiɗa ne, ka kwaso ƙafa ka taho."

"Na ji," in ji Ashiru. "Yau na ji. A ɗakin malamai, a gaban mutum bakwai, daga wayar Malam Ɗanladi mai koyar da lissafi. Shi ya tsayar da abin ya ce, 'Ashiru, wannan ba mahaifinka ne yake kiranka ba?'"



Aƙilu ya san wurin sarai. Minti na tara ne, inda ruwa ya tsagaita, alƙalami ya tsaya, Malam ya yi ajiyar zuciya shi kaɗai a zaure ya ce, "Ashiru." Ya ɗan yi shiru, ya sake cewa, "Ashiru." Nan ne wurin da Aƙilu ya fi so a faifan duka. Sati biyu ya yi a kansa, ya ja ƙarshen kalmar ya yi tsawo, ya sa mata amsa-kuwwa har ta narke cikin ƙarar ruwa. Daɗin sautin ya ji. Shi auta ne, wanda Malam ke ƙwala wa kira sau goma kafin azahar, don haka suna a bakin Malam bai taɓa zame masa wani abu ba.

Ashiru kuwa ɗan fari ne. Malam mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari irin ta asali: bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" yake cewa, ko "yaron nan", ko da furfura ta fara fito wa yaron a gemu.

"Shekara arba'in da huɗu," in ji Ashiru, yana magana ƙasa-ƙasa, wanda ya fi tsawa ciwo. "Ranar da na sauke Alƙur'ani bai faɗa ba. Ranar aurena bai faɗa ba. Ni na yi jinyarsa, ni na riƙe kansa a asibiti, ina jira, bai faɗa ba. Na haƙura, na ce haka Allah ya yi shi. Ashe ya faɗa. Kana da shi a cikin wannan akwatin wata takwas, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ba ka ce mini komai ba. Sai da mutum ɗari huɗu da ba su san ko wane ne shi ba suka riga ni ji. Abin da ya ɓoye duk rayuwarsa ka ɗauka ka yi wa ado ka baza a duniya."

Haushin Aƙilu bai tafi ba, juyawa ya yi ya komo kansa, ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya jawo kwamfutar, ya shiga shafin, ya sauke faifan. Hannunsa bai yi gardama ba.

"Na sauke. Saura gogewa."

"Tsaya. Ba ni na asalin tukuna, muryarsa ita kaɗai, ba tare da wannan gunjin naka ba."

Aƙilu ya sunkuyar da kai. "Babu shi, Yaya. Wuri ya cike mini a kwamfutar a watan jiya, na share duk na asalin. Wanda na haɗa kaɗai ya rage."

Ashiru ya dube shi kamar zai kai masa mari. Ya dubi ƙusar da ta faɗi a ƙasa. Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika, la'asar ta kusa. Ashiru ya tattare rigarsa ya zauna a bakin katifa, inda bai taɓa zama ba.

"Miƙo abin kunnen."

Aƙilu ya miƙa masa. Ashiru ya sa shi a karkace, sai da ƙanen ya gyara masa.

"In kai ka wurin kai tsaye? Ana iya tsallakewa."

Ashiru ya girgiza kai, fuskarsa a murtuke har yanzu, idonsa a kan bango.

"Fara daga farko," ya ce. "Na iya jira."