Mushe Attahiru da Biran Cikin Waya

Shekara talatin da ɗaya Attahiru ya yi yana koyar da kimiyyar fizik a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, ta garin Tawa kafin ya ajiye alli. Duk da haka ba wanda ya daina ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, har matarsa Hajiya Zalika. Mutum ne da ba ya iya ganin guga na sauka rijiya bai yi bayani ba. In tukunya ta tafasa ma sai ya faɗi dalili.

Da damina ta yi nisa, autarsu Rahinatu, wadda ke aikin asibiti a Yamai, ta aiko wa uwar da waya irin mai shafawa, don su riƙa aika wa juna murya. Hajiya ba ta taɓa shiga aji ba, amma kafin mako ya zagayo ta tono wani wasa a cikin wayar. Birai ne zaune a kan tarin akwatuna, kai kuma ka ja danƙo da yatsa, ka saki dutse ya rushe tarin. In ka kuskure, biran su yi ta tsalle suna ƙyalƙyala dariya.

Wata la'asar Attahiru ya leƙo ta kafaɗarta, ya gyara tabarau.

"Hajiya, mi kike ta shafawa haka?"

"Birai nike kora."

Ya tsaya ya ga jifa biyu, ya taɓe baki. "Wanga ai wasan yara ne. Kuma darasina ne suka sata. Duk abin da aka jefa sama, hanya guda yake bi, ya hau ya sauko kamar baka, don ƙasa na jawo shi. In nisa kike so, ki ɗaga shi kusurwa arba'in da biyar."

"Arba'in da biyar na mi?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Ta saki dutse, akwatuna suka zube.

Ran Asabar ta tafi suna a unguwar, ta bar wayar a kan taga. Attahiru ya wuce ta sau biyu. A na uku ya ɗauka, da niyyar ya duba ingancin gilashin kawai. Jifa na farko ya faɗi a gaban danƙon. Na biyu ya tsallake biran ya ɓace. Ya ce to, matsalar awo ce. Ya ɗauko tsohon kayensa, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik da abin auna layi, ya zana baka, ya cika shafi biyu da lissafi. Da ya ɗora ma'aunin a kan gilashi, wayar ta ɗauka yatsa ne, ta harba dutsen baya. Tun hantsi yake fama har aka kira azahar, kuma biri ko ɗaya bai bar wurinsa ba.

Hajiya ta dawo da ƙullin goro, ta taɓa wayar, ta janye hannu.

"Mushe, wayar nan ta yi zafi."

"Haka suke. In wuta na shiga batir, dole wani kashi ya zama zafi."

"Ai a cire na bar ta."

Sai ya juya maganar ta koma ƙara. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiro wasan ba su san fizik ba, dutsensu ba shi da nauyi, ba su sa iska a lissafi ba, kuma duk wanda ya ci to sa'a ce. Ta zauna a tabarma, ta yi jifa ɗaya ta kuskure, ta yi na biyu, biran suka watse.

"Ni dai tun ina yarinya haka na san dutse na tahiya," ta ce, ta tashi ta ɗora girki.

Bayan mako biyu suka je Takanamat gaida ƙanenta Hashimu, wanda ya gaji gonar mahaifinsu. Hatsi ya fara nuna, tsuntsaye sun matsa masa. Da safe Hashimu ya kai su gona yana ta ƙorafi, ya nuna musu wata bishiya can ƙarshen gonar da ta yi baƙi da tsuntsu.

Hajiya ta nufi bakin gonar. Ta tsinko ganyen kaba, ta zauna ta tufka majajjawa, igiya biyu da ɗan wurin ɗora dutse a tsakiya. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta zaɓi dutse, ta wulwula sau uku ta saki. Ya faɗi kaɗan kafin bishiyar. Ta ɗauki wani, ta ɗan karkata kafaɗa. Wannan karon sai suka ji ƙwas a jikin reshe, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya.

Attahiru ya taka daga inda take har gindin bishiyar yana ƙirga sawu, ya dawo a hankali.

"Tamanin da huɗu," ya ce.

Hashimu ya yi dariya. "Ai hannun ya tsufa. Lokacin da take budurwa, in hatsi ya nuna, maƙwabta har roƙon Baba suke a ba su aronta. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

Ba ta taɓa ba. Shekara kusan arba'in suna tare, ya sha zana mata hanyar dutse a ƙasan tsakar gida da tsinke, tana tankaɗe tana cewa to. Ya dube ta, ta tsaya da igiya a hannu tana ɗan haki, fuskarta sai annuri, ya ji wata kunya da ba ta da ɗaci.

"Ba ni in gwada," ya ce.

Ya tsaya yadda lissafi ya ce, ya wulwula da ƙarfi. Dutsen ya suɓuce ta baya, ya sami ƙwaryar furar da Hashimu ya ajiye a inuwa, ya raba ta biyu.

Hashimu ya dubi furar tana bin ƙasa. Da yake ƙanen mata ne, akwai wasa tsakaninsu, bai rage masa komai ba. "Mushe, wanga kusurwa ta nawa ce? In sani, don gobe in san inda zan aje abinci."

Hajiya ta danne dariya, ta gyara masa riƙon igiyar. "Kai kana son ka san komai kahin ka saki. Jifan farko ba na bugu ba ne, na tambaya ne. Ka jefa, ka ga inda ya faɗi, sannan ka gyara."

"Ai wannan shi muke kira gwaji a kimiyya."

"To, ku kun raɗa masa suna."

Kafin rana ta yi tsaka ya iya tura dutse gaba, ko da yake tsuntsayen ba su damu da shi ba. A mota, kan hanyar dawowa Tawa, ta buɗe masa wasan tun daga matakin farko, ya haye shida kafin su shigo gari.

Da aka kwana uku ya sa babbar riga ya shiga kasuwa, layin masu waya. Ya tsaya a wani shago, ya ce yana son mai faɗin gilashi, saboda karanta labarai. Mai shagon, wani magidanci mai gemu, ya miƙe tsaye da sauri.

"Mushe Attahiru. Alƙasum ne, ɗan bencin baya. Kai ka ƙwace mini ɗan akwatin wasa a aji, ka ce zai ruɓar mini da ƙwaƙwalwa."

"Na mayar maka?"

"A'a."

"To, ga shi ƙwaƙwalwar ta tsira."

Alƙasum ya yi dariya, ya fiddo waya daga kwali, ya kunna, ya yi 'yan danne-danne ya miƙo. Biran na zaune a kan akwatunansu.

"Ban ce ka sa wannan ba."

"Hajiya ta zo jiya sayen igiyar caji, ta ce in ka biyo in sa maka. Ita ta wuce mataki na ɗari. Kai kana na nawa?"

Attahiru ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Na bakwai. Babu wata hanya da ake tsallake shi?"

"Babu, Mushe. Sai dai a koma gida a yi ta maimaitawa, yadda kake ce muna."

Attahiru ya sa aka naɗe masa kwalin a baƙar leda, ya cusa a aljihun riga, ya bi ta bayan layin masu albasa ya nufi gida.