Barguna da Rana Tsaka

Hajaratu tana sayar da shayi a gindin wani dogon yaro kusa da kasuwar Omdurman. A nan tafasasshen ruwa ya kife wa 'yarta Tasnim a ƙirji da hannun dama, yarinyar ko shekara uku ba ta cika ba. Wani mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya kwashe su, daga baya suka samu mota suka haye gada zuwa wani asibiti a Khartum.

Bayan an ɗau kwanaki ana wanki da ɗauri, likitar yarinyar, Dakta Hala, ta ce za a ɗebo fata daga cinya a rufe ƙunar. Da hantsi aka shiga da ita ɗakin tiyata. Hajaratu ta zauna a benci da yayanta Salih, zafi ya ishi kowa, tana ta fifita da bakin mayafi.

Can sai ga wata ma'aikaciya ta fito a guje, ta koma rungume da barguna. Ƙarar na'urar sanyaya ɗakin ma ta ɗauke. Hajaratu ta bi ta da kallo. Wa ake lulluɓewa a wannan zafin in ba wanda ya cika ba?

"Yaya, sun rufe ta," ta ce.

"Ki yi shiru, ki yi ta salati," in ji Salih, amma shi ma ya kasa zama.

Sai bayan azahar Dakta Hala ta fito, rigarta sharkaf da gumi. Hajaratu ta miƙe ta tare ta.

"Ummu Tasnim, 'yarki tana nan da ranta," in ji likitar da Larabci. "Sanyi ne ya kama ta muna cikin aiki."

"Sanyi? A Khartum?"

Likitar ta zaunar da ita a benci, ta zauna kusa da ita. Ta ce fata ce ke riƙe wa mutum ɗumin jikinsa, ga wuta ta cinye ta Tasnim, ga maganin barci ya hana jikin kare kansa, kuma ƙaramin yaro nan da nan yake hucewa. In jiki ya yi sanyi sosai, jini ba ya saurin tsayawa, zuciya ma tana iya rikicewa.

"Shi ya sa muka dakata. Muka ɗumama ruwan da ake ƙara mata, muka rufe kanta da ƙafafunta, mu muna ta zufa har ɗuminta ya dawo. Ƙirjin mun gama. Hannun sai wani makon, ba ma son mu ja ta da nisa."

Da aka bar Hajaratu ta shiga, ta tarar da Tasnim tana barci da 'yar hula a ka. Ta lallaɓa ta kama tafin ƙafarta, ta ji shi da ɗumi. Sai a lokacin kuka ya zo mata, tana yi tana hamdala.

Salih ya fita waje ya sake kiran mahaifin yarinyar, wanda ke wurin aiki a Bahri, can ƙetaren kogi. Da ma tun da aka shiga da barguna ya kira shi ya zo maza, yanzu ya ce masa ya taho a hankali, ba sai ya yi gaggawa ba.