Babur ɗin da Ba Ya Shan Kwana

Ranar Alhamis da hantsi Budimir ya shigo garejin Radoje da sabon babur. Tun yana bakin titi gilasan taga suka fara rawa. Ya tsaya a tsakiyar gareji, ya kashe inji, ya ƙi sauka, yana jira a yaba.

Budimir ne shugaban ƙungiyar masu manyan babura ta garin Kotor, Radoje kuma bakanikensu. Bayan wannan, Budimir ne ya riƙe Zorka, 'yar Radoje, ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna kum. Kum kuwa ba a ƙaryata shi a gaban mutane.

"Kum, rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa," in ji Budimir. "Ɗari shida kacal aka ƙera a duniya. Fentin nan da hannu aka yi shi a kamfanin, can Amurka. Yuro dubu arba'in da takwas. Hau ka zaga, ka dawo ka faɗa min ko an cuce ni."

"In na ce an cuce ka fa?"

"Sai in ce tsufa ya taɓa maka kai."

Radoje ya zagaya babur ɗin sau biyu. Kyau dai akwai shi. Tankin ja ne mai duhu, kamar jinin da ya kwana, ga zaren ruwan zinariya an ja a gefe. Ɗinkin kujerar ko zare ɗaya bai kauce ba. Sai ya durƙusa, ya sa tafin hannu tsakanin ƙasa da farantin ɗora ƙafa. Da ƙyar hannun ya shige. Ya miƙe, ya ɗauki hular kwano.

A miƙaƙƙiyar hanyar garin Tivat babur ɗin ya ba shi kunya, don ya fita ne da niyyar kushewa. Da ya murɗa totur sai ya ji kamar an turo shi daga baya da tafin hannu. Babu girgiza, babu tari. Shekara talatin yana taɓa injuna, bai taɓa hawa irinsa ba.

Daga nan ya juya ya kama hanyar dutse, mai kwana-kwana har ashirin da biyar. A kwana ta uku ya kwantar da babur ɗin, farantin ya daki kwalta, tartsatsi ya tashi, tayar baya ta ɗan ɗaga ta zame. Ya miƙar da shi da ƙyar, ya ga katangar gefen hanya ta matso har gwiwarsa. Katangar ba ta kai ƙugu ba. Bayanta babu komai sai iska da rufin gidajen Kotor can ƙasa. A gangarowa ya ji nauyin sosai, kilo ɗari huɗu da ɗoriya, duk a kan birkin gaba. Kafin ya kai ƙasa birkin ya fara ƙauri.

Da ya dawo ya tarar da 'yan ƙungiya huɗu sun taru suna shan kofi.

"To, alƙali, yanke hukunci," in ji Budimir.

"Kyau, ya yi. Ƙarfi, ya wuce misali. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ya ci kuɗinsa. Amma ba don dutsenmu aka yi shi ba, kum. Ba ya kwanciya. Kada ka ja layi da shi ran Lahadi."

Lahadi ce ranar buɗe hawan bana, ranar da babura arba'in ke hawa ƙauyen Njegushi da ke kan dutse su gangaro a jere. Dokar layin ba ta canzawa: shugaba a gaba, ba mai wuce shi, tazarar babur biyu tsakanin kowa da kowa, bakanike a can ƙarshe da jakar kayan aiki. Wuri na biyu kuwa shugaba ne ke bayarwa don girmamawa, kuma bana Zorka ya ba.

"Ku ji min mai gyaran akwala," in ji Budimir, yana dariya. "Ka saba da baburan da sai an tura."

"Hawa za ka hau. A gangara ne zai ƙi juyawa, ka danne birki a tsakiyar kwana. Na bayanka ina zai bi? Dutse a dama, rami a hagu."

"Na bayana 'yata ce ta baftisma. Kana nufin zan kashe ta?"

"Ban ce kana so ba."

Budimir ya ajiye kofinsa a hankali, ya miƙa hannu aka ba shi makullinsa, ya fita ko sallama babu.

Da yamma Radoje ya sami Zorka a tsakar gida tana goge nata babur ɗin. Shekararta ashirin da shida, ma'aikaciyar jinya ce, kuma taurin kansa ta ɗauko kaf.

"Ki ce wa Budimir kina da aiki ran Lahadi."

"Baba, shekara biyar ina shaƙar hayaƙin mutane a baya. Mace ba ta taɓa samun wurin nan ba. In na janye, me za su ce?"

"Su ce duk abin da suka ga dama."

"Kai ne ka koya min birki. Ko shi ma ba ka yarda da shi ba?"

Ya tsaya yana kallon hannunta a kan tsumma. Sai ya juya ya shige ɗaki.

Ran Lahadi fada, limamin Kirista, ya yayyafa wa babura ruwan albarka a gaban coci, aka hau lafiya. A Njegushi aka ci cuku da burodi. Wajen azahar hazo ya sauko daga kan dutse, aka yi yayyafi na minti goma, irin wanda ba ya wanke hanya, sai dai ya sa ta santsi.

Da aka jera don gangarowa, Radoje ya tura tsohon babur ɗinsa daga ƙarshen layi. Ya wuce mutum talatin da takwas suna kallonsa, ya cusa tayarsa tsakanin Budimir da Zorka.

"Baba, me kake yi haka? Ka tozarta ni!"

Budimir ya waiwayo, ya ɗaga gilashin hularsa. "Koma wurinka, Radoje."

"Nan ne wurina yau."

"In ka bi ni a nan, daga yau kada ka sake ce min kum. Ko a jana'izata."

"Na ji. Ja mu tafi."

Suka fara gangara. Radoje ya buɗe tazara, babur uku, huɗu, biyar. Na baya suna ta danna masa ham, Zorka na manne da shi cikin fushi, yana ganinta a madubi. Ya riƙa taɓa birki a kai a kai don ya tilasta mata ta rage gudu. Budimir kuwa da gayya yake ƙara wuta. Kowace kwana sai farantin ya yi ƙara a kan kwalta, kowace kwana sai babur ɗin ya ƙara matsawa kusa da katanga.

A kwana ta goma sha ɗaya jar fitilar birkin Budimir ta kama a inda bai kamata ba. Tayar baya ta ɗaga, babban babur ɗin ya faɗi, ya juya ya tare hanya gaba ɗaya. Tazarar babur biyar ba ta isa ba a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Radoje ya kwantar da nasa da gangan, ya tafi da shi a ƙasa har ya daki jan tankin. Ya ji ƙashin ƙafarsa ya karye, ya ji shi sarai.

Bai duba ƙafar ba, baya ya duba. Zorka ta tsaya, ƙafafunta biyu a ƙasa, tayarta ta gaba taku ɗaya daga kansa.

Budimir ya rarrafa ya jingina da katanga, hannunsa ɗaya na lilo, bai kalli kowa ba. Zorka ta jefar da hularta, ta durƙusa, ta zaro almakashi daga jakarta ta fara yanke wandon mahaifinta.

"Kada ka motsa," in ji ta. "Kuma kada ka ce min komai."

Radoje ya mayar da kansa kan kwalta.